'Yan gari ɗaya a rundunar Marin ta Amurka: inda ake tara su da inda ake raba su

A shekarun yaƙin Biyetnam, sajen da ke ɗaukar kurata wa rundunar Marin, wato sojojin kundumbalar Amurka, yana da wata magana mai saurin shiga kunnen samari: ku zo da abokanku, a rantsar da ku rana ɗaya, a horar da ku a rukuni ɗaya. Gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar mako 8 ce. Abin da zai biyo bayan makonnin nan ba ya hannun sajen, ba ya cikin takardar da yaro ya sa wa hannu, kuma shi ne yake yanke ko gari zai binne ɗa ɗaya ko shida.

Buƙata ce ta haifi wannan dabara. Ranar 8 ga Maris 1965 dakarun Marin kimanin 3,500 suka sauka a birnin Da Nang na Biyetnam ta Kudu, kafin ƙarshen 1968 yawansu a ƙasar ya haura 80,000. A Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya ƙi kiran sojojin ko-ta-kwana, saboda haka duk giɓin da aka samu sai da sabon kurtu za a cike shi. Kowane saje yana da adadin da aka yanka masa a wata. Yaro ɗaya zai iya kwana ya sake shawara, amma idan abokai biyar suka yi magana ɗaya, babu mai son a ce shi ne ya noƙe. Uwa ma hankalinta ya fi kwanciya idan ta ji ɗanta yana tare da ɗan maƙwabciya. Akwai kuma wata dama da doka ta ba sajen: yaro zai iya sa hannu yau a jinkirta tafiyarsa har kwana 120. Da wannan jinkirin ake tara yara ɗaya bayan ɗaya har su cika rukuni, a sa musu ranar tashi guda.

Daga nan sai abin ya zama biki. A raɗa wa rukunin sunan jiha ko birni, a gayyato gwamna ko magajin gari, a miƙa musu tutar jiha su tafi da ita, jarida ta buga hoto. Ranar 28 ga Yunin 1967 an rantsar da matasa fiye da 100 a tsakiyar filin wasan ƙungiyar besbol ta Minnesota Twins, a gaban 'yan kallo, kafin a fara wasa. Duk wanda ya san lissafin horo a lokacin zai iya faɗin inda za su kasance bayan wata shida, kuma za mu zo kan wannan.

Makonni takwas ɗin

Barikin horon kurata biyu rundunar take da su. Wanda ya fito daga gabashin kogin Mississippi galibi Parris Island ake kai shi, a jihar South Carolina, na yamma kuma San Diego a Kalifoniya. Da can horon mako 12 ne, daga Satumban 1965 aka rage shi zuwa 8 don a riƙa fitar da mutane da sauri. Motar kurata takan iso da dare. A tsayar da su a kan sawun ƙafa da aka zana da rawayan fenti a ƙasa, a yi musu aski ƙwal, a karɓe kayan gida a mayar wa iyaye ta gidan waya, a ba su kaki da takalma da bokiti. Rukuni ɗaya mutum 70 zuwa 80 ne a hannun malaman horo uku. Tun a nan lissafin biki ya fara karyewa, domin taron da ya haura 100 ba zai shiga rukuni ɗaya ba, dole a tsaga shi.

Malamin horo ba ya murnar ganin abokai. Aikinsa shi ne ya kankare duk wata alaƙa da yaro ya zo da ita daga gida, ya dasa sabuwa wadda ta rataya ga rukunin baki ɗaya. Ana jera gadaje da layin fareti bisa tsawo ko bisa harafin suna, babu ruwan kowa da wanda ya taso da wa. Magana ba da izini ba laifi ce. Aminai biyu za su iya yin mako guda a ɗaki ɗaya ba su yi hirar minti biyar ba. Duk da haka zaman tare yana da amfanin da ba a musu: wasiƙa ɗaya daga gida labarin mutum goma ce, kuma yaron da ƙarfinsa ya kusa ƙarewa yakan daure saboda ya san gari zai ji idan ya sare.

Makonnin farko na fareti ne da motsa jiki da kwance bindiga da haɗa ta. Sannan a tafi filin harbi, wanda kuratan San Diego suke yi a Edson Range cikin sansanin Camp Pendleton. Mako guda cur ana koyon riƙo da saiti da matsa kunama ba tare da harsashi ko ɗaya ba, a tsaye, a zaune, a durƙushe, a kwance, har gaɓoɓi su saba da ɗaurin igiyar bindiga. Mako na biyu ake harbi na gaske da bindigar M14 daga yadi 200, 300 da 500. Ranar jarrabawa harsashi 50 ne, kowanne maki 5, jimla 250. Wanda ya kai 190 ya tsallake, 210 matsayi na biyu, 220 gwani. Wanda ya gaza 190 kuwa ya shiga uku a hannun malamai.

Hanyoyin da yaro ke ɓallewa daga 'yan garinsu a wannan mataki sanannu ne, kuma yawancinsu ƙanana ne. Bororon da sabon takalmi ya yi a dunduniya ya ruɓe, ƙafa ta kumbura. Ƙashin sangali ya tsage saboda gudu a kan kwalta. Ciwon huhu ya bi ɗakin kwana. Mai ƙiba ko maras ƙarfi a tura shi rukunin gyaran jiki, mai taurin kai a tura shi rukunin ladabtarwa. Duk wanda ya rasa kwanakin horo da dama, ba a jiransa: a mayar da shi wani rukuni da ke baya, ya gama tare da baƙi. A tsari mai mako 8 babu sararin da za a ce mutum ya warke ya cim ma 'yan uwansa.

Ranar da ake karanta lambobi

Gab da yaye su, malamin horo yakan tsaya da takarda yana kiran suna da lambar aiki. A nan ne alƙawarin sajen yake cika ya ƙare. Lamba 0311 mai bindiga ne a sahun gaba, 0331 mai bindiga mai jigida, 0341 mai harba turmi. Wasu a tura su igwa, wasu rediyo, wasu tuƙin mota, wasu girki, wasu gyaran jirgi. Abu uku ke yanke wannan: makin jarrabawar basira da aka yi musu a kwanakin farko, tsawon kwantiragin da yaro ya sa wa hannu, da buƙatar runduna a wannan watan. Wanda ya ɗauki shekara 2 da wuya a kashe kuɗi a kai shi makarantar wata shida, don haka galibi bindiga ce rabonsa. Mai shekara 4 da maki mai kyau yana da damar samun sana'a. Abokai biyu da suka zauna benci ɗaya a sakandare, bambancin maki kaɗan ya isa ya kai ɗaya ɗakin gyaran rediyo, ɗaya kuma tudun Con Thien, wani fagen daga a Biyetnam.

Bayan yaye sai horon yaƙin ƙasa na mako 2 zuwa 4 a Camp Pendleton ko Camp Geiger, gwargwadon lambar mutum, sai makarantar sana'a ga mai ita, sai hutun gida na 'yan makonni. Mai tafiya Biyetnam ya koma bataliyar shirin tafiya a Pendleton na kusan mako 3: allurai, rubuta wasiyya, bin hanyar da aka ɗana wa tarkunan gwaji, bincike a wani ƙauyen kwaikwayo da aka gina. Daga nan jirgin sama zuwa Okinawa, a ajiye jakar kaya, a wuce Da Nang. A can magatakarda ne ke duba wace bataliya ce ta fi rasa mutane a makon, ya tura biyu nan, uku can.

To, a lissafa wa 'yan Minnesota. Rantsuwa ƙarshen Yuni, yaye ƙarshen Agusta, horon ƙasa da hutu da shirin tafiya su cinye Satumba zuwa Nuwamba. Masu lambar bindiga a cikinsu sun isa Biyetnam a ƙarshen 1967. Ranar 21 ga Janairun 1968 aka fara ƙawanyar sansanin Khe Sanh, inda dakarun Marin kimanin 6,000 suka yi kwana 77 a ƙarƙashin ruwan igwa, bayan kwana goma kuma babban farmakin 'yan kwaminis na Tet, wato sabuwar shekarar Biyetnam, ya ɓarke, aka shiga yaƙin gida-gida a birnin Hue. Ba su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba, amma tun da rana ɗaya suka shiga bututun, lokaci ɗaya suka fito, a watanni mafiya muni na yaƙin. Wannan ita ce illar ɗaukar gari a rana guda da ba a cika ambata ba: ko an warwatsa su a bataliyoyi, kalanda ta riga ta ɗaure su.

Wani abin da gajeren horo ya jawo shi ne batun bindiga. An horar da yara da M14, sai a farkon 1967 aka fara miƙa wa dakarun Marin M16 a fagen daga. An canza irin albarushin harsashinta, ɗakin harsashi ba a shafe shi da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, kayan gogewa kuma ba su wadata ba. Sai kwanso ya maƙale bayan harbi, mai bindiga ya zura sandar gogewa ta baki yana zungurinsa ana harbinsa. A faɗan tuddan Khe Sanh na Afrilu da Mayun 1967 abin ya yi muni har majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike.

Me ya sa ake raba su

Ana yawan cewa tausayi ne, wai runduna ta koyi darasi daga tarihi. Tarihin dai yana nan. A 1914 Birtaniya ta kafa bataliyoyin abokai, 'yan gari ɗaya ko ma'aikata ɗaya, da alƙawarin za su yi yaƙi tare, kuma ta cika alƙawarin. Ranar 1 ga Yulin 1916 a yaƙin Somme, bataliyar Accrington ta shiga farmaki da mutum kimanin 720, aka kashe ko aka raunata ko aka rasa 584. A Amurka, garin Bedford na jihar Virginia, mai mutane kusan 3,200, ya rasa 'ya'yansa 19 a rana ɗaya a gaɓar Omaha da ke Faransa, 6 ga Yunin 1944, duk a kamfani guda, wato rukunin soja ɗaya, na sojan ƙasa. 'Yan uwa biyar na gidan Sullivan sun nutse tare da jirgin ruwan yaƙi Juneau a Nuwamban 1942. Kamar motar 'yan kasuwa ce da ta kwaso mutanen ƙauye ɗaya: idan ta faɗi, babu gidan da ba a zaman makoki.

Amma wanda ya duba yadda aka gudanar da Biyetnam zai ga lissafin ma'aikata ne ya fi tausayi ƙarfi. Wa'adin kowane ɗan Marin wata 13 ne, na sojan ƙasa wata 12. Bataliyar da ta sauka tare a Maris 1965, gaba ɗayanta za ta cancanci komawa gida a Afrilun 1966, a wayi gari babu gogagge ko ɗaya. Don kauce wa haka, tun a ƙarshen 1965 aka yi wani shiri da aka kira Mixmaster, aka riƙa musanya mutane tsakanin bataliyoyi don ranakun komawarsu su saɓa. Wato har waɗanda suka yi shekara suna atisaye tare a barikin gida sai da aka raba su, balle kuratan da mako 8 kawai ya haɗa. Daga nan bataliya ta zauna daram a Biyetnam, mutane ne ke shiga suna fita ɗaiɗai.

Ko a 1950, da aka kira sojojin ko-ta-kwana na Marin fiye da 30,000 don yaƙin Koriya, jiragen ƙasa sun kwaso su gari-gari da ganga da tuta, amma da isarsu Camp Pendleton aka rushe rukunonin garuruwan, aka tace wanda ya shirya da wanda bai shirya ba, aka cusa su a Runduna ta 1 da ta sauka Inchon ranar 15 ga Satumba. Haka ma 'yan ƙabilar Navajo 29 da aka horar tare a rukuni na 382 a San Diego a 1942: sun zauna tare har suka ƙirƙiro harshen sirrin rediyo, suna gamawa aka rarraba su.

Rabuwar tana da nata farashi, kuma babba ne. Ƙaramin rukunin yaƙi na Marin mutum 13 ne, saje ko kofur ɗaya da gungu uku na mutum huɗu-huɗu. Irin wannan rukuni yana rayuwa ne da sanin juna: wa ke gani da dare, wa ke firgita, wa zai iya ɗaukar rediyo ya hau tudu. Sabon zuwa ba wanda ya san shi, shi ma bai san kowa ba, tsofaffin hannu kuma ba sa son shaƙuwa da wanda suke ganin ba zai daɗe ba. Watannin farko su ne mafiya haɗari gare shi. Idan ya tsira, shi kaɗai zai hau jirgi ya koma gida, cikin 'yan kwanaki daga daji zuwa falon mahaifiyarsa, babu wanda ya ga abin da ya gani. Rundunar da kanta ta amince tsarin ya yi ɓarna, domin daga 1977 ta koma tura bataliya sukutum ta dawo sukutum.

Morenci

Rabawa kuma ba ta ceci kowane gari ba. Morenci ƙaramin garin haƙar tagulla ne a gabashin jihar Arizona, mai mutane kusan 5,000, inda gidaje da kanti da asibiti duk na kamfanin Phelps Dodge ne. Yaron da ya gama sakandare a can hanyoyinsa ba su da yawa: ramin ma'adini, kaki, ko jami'a ga 'yan tsirarun da ke da hali, kuma ɗalibin jami'a doka ta ɗage masa kiran soja na dole. Ranar 4 ga Yulin 1966, ranar bikin 'yancin Amurka, samari 9 daga garin suka hau mota zuwa San Diego. A cikinsu akwai Turawa, akwai 'yan asalin Meziko, akwai ɗan ƙabilar Navajo ɗaya. Sun yi horo tare, aka rarraba su kamar kowa. Shida sun mutu a Biyetnam tsakanin Agustan 1967 da Nuwamban 1969, kowanne a ranarsa, wasu a zuwa na biyu.

A Accrington labari ya zo a mako guda. A Morenci sai da aka yi fiye da shekara biyu motar hafsa mai kai saƙon mutuwa tana hawowa garin, mutane suna leƙe su ga ƙofar da za ta tsaya. Rabawa tana hana bam ɗaya ya kwashe gari, amma ba ta canza wane irin gari ne ke ba da masu lambar bindiga. Dakarun Marin fiye da 13,000 aka kashe a fagen fama a Biyetnam, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurkawa 58,000 da suka mutu, kuma nauyin ya fi sauka a kan masu ɗaukar bindiga a sahun gaba, waɗanda garuruwan ma'aikata irin Morenci suka fi samarwa.

Ohio, 2005

Inda har yau 'yan yanki ɗaya suke horo tare kuma su yi yaƙi tare shi ne rundunar ko-ta-kwana. Ɗan ko-ta-kwana yana yin horon kurata kamar kowa, sannan ya koma gida ya ci gaba da karatu ko aiki, yana zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da mako 2 a shekara, a cibiyar da ke kusa da garinsu. Shekara da shekaru fuskoki ɗaya. A yaƙin Iraƙi ba a rushe su kamar na 1950 ba, an tura su yadda suke.

A 2005, Bataliya ta 3 ta Rejimanti ta 25 tana da hedikwata a Brook Park kusa da Cleveland, kamfanoninta kuma suna Columbus da Akron a Ohio, da Buffalo a New York, da Moundsville a West Virginia. An kira ta a Janairun 2005, ta yi atisaye a hamadar Twentynine Palms, ta tafi lardin Anbar na wata 7, aka ba ta yankin madatsar ruwan Haditha a kan kogin Furat. Yankin ya fi ƙarfin bataliya ɗaya: a share gari, a bar shi don babu mutanen da za su zauna, mayaƙa su dawo su sake binne bama-bamai a hanyoyin da suka san dole a biyo.

Ranar 1 ga Agusta aka yi wa maharban bataliyar 6 kwanton ɓauna kusa da Haditha aka kashe su. Ranar 3 ga wata, a farmakin da ya biyo baya, wata motar sulke ta taka bam a kusa da Barwana, dakarun Marin 14 da tafinta ɗaya suka mutu, mafi yawansu daga kamfanin Lima na Columbus. Irin motar ya kamata a duba. AAV ce, an ƙera ta don ta ɗauko sojoji daga jirgin ruwa ta yi iyo zuwa gaɓa, saboda haka jikinta na alminiyom ne don ta yi sauƙi, cikinta a shimfiɗe yake, tana ɗaukar mutum kusan 20 ban da matuƙa uku. Shimfiɗaɗɗen ciki yana karɓar ƙarfin fashewa gaba ɗaya maimakon ya kautar da shi gefe, kuma mota ɗaya tana haɗiye ƙaramin rukuni sukutum. Idan rukunin 'yan jiha ɗaya ne, to jiha ɗaya ce a cikin motar. Motocin MRAP masu ciki mai kusurwa, waɗanda aka yi don irin wannan bam, sai a 2007 suka fara isa da yawa.

Kamfanin Lima, mai mutum ƙasa da 200, ya rasa dakarun Marin 22 da ma'aikacin jinya na sojan ruwa ɗaya a wannan tafiya. Bataliyar baki ɗaya ta rasa 48. Waɗanda suka dawo kuwa tare suka dawo, gidajensu ba su da nisa da juna, iyayen mamatan sun san juna tun kafin a tafi, kuma akwai cibiya guda da kowa ya san hanyarta. Abin da ɗan Biyetnam ya rasa ke nan, su kuma sun same shi da tsadar da aka gani.

A yau shirin shiga da aboki yana nan a ofisoshin ɗaukar kurata. Horon ya koma mako 13, kuma abin da shirin ke bayarwa shi ne ranar tashi ɗaya da rukunin horo ɗaya, muddin babu wanda ya ji rauni ko ya faɗi jarrabawa aka mayar da shi baya. Bayan yaye, lambar aiki da buƙatar runduna ne ke raba hanya. Mai son tabbacin zama da 'yan garinsu har fagen daga, kwantiragin ko-ta-kwana ne kaɗai ke ɗaure shi da rukuni guda tun ranar sa hannu.